DAGA BAKIN SHAGO: Ciwon ya tafi, gorar ruwa ta zauna

Ina gaishe ku daga nan Okala, arewacin Libreville, inda ruwan sama yake ta zuba tun asuba har ya hana mu fito da kaya waje.

Makon jiya na yi muku alkawarin za mu ƙarasa maganar bashi tsakanin ɗan kasuwa da ɗan uwansa. Ku yi mini afuwa, mu ɗage ta. Wani saƙo ne ya shigo mini ta WhatsApp daga wata baiwar Allah a Kwatano, kuma tun da na saurare shi ban iya tunanin komai ba.

Ta ce an yi wa maigidanta maganin ciwon daji na maƙogwaro a Legas, an gama wata takwas ke nan. Likita ya duba ya ce babu sauran ciwo. Aka yi sadaka, aka yi murna. To amma har yau mutumin ba ya cin abincinta, sai ya jagwalgwala ya ture. Ya rame, ya daina hira, cikin dare yana tashi sau huɗu sau biyar. Dangin miji sun fara ƙananan maganganu, wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa ita ce ba ta kula da shi. Ta rufe da cewa: "Alhaji, na ji an ce kai ma ka yi irin wannan ciwo. Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ciwon ne bai tafi ba, ko ni ce ya daina so?"

Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara huɗu ina wannan shafi ban taɓa buɗe wannan babi sosai ba, amma yau zan buɗe saboda ke, da duk wata mai irin halin da kike ciki. Ni ba likita ba ne. Shinkafa da mai da sabulu nake sayarwa. Abin da zan faɗa, abin da jikina ya koya mini ne, da abin da likitoci suka maimaita mini har ya zauna.

Yadda abin ya faro

A ƙarshen 2020 muryata ta dishe. Na ce mura ce. Wata guda ya wuce, na ce ihun kasuwa ne, don a lokacin kullum ina Mont-Bouët wajen sarin kaya. Na sha zuma da citta, na sha kanumfari, har wani wanzami ya leƙa bakina ya ce beli ne. Allah ya taimake ni ban yarda ya sa aska ba. Sai da na yi wata biyar, haɗiya ta fara zafi, kunne ɗaya ya kama ciwo, sannan na je asibiti. Daga baya na ji cewa duk dishewar muryar da ta wuce mako uku ba ta sake ba, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya gani. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na sha sigari shekara ashirin da wani abu kafin in daina. Taba da giya su ne manyan masu jawo wannan ciwo, ko da yake yana kama wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba.

A 2021 aka yi mini magani a cibiyar cutar daji da ke Angondjé, nan cikin Akanda, tafiyar 'yan mintoci daga gidana in babu cunkoso. Gashi da injin haske, wanda suke kira radiyoterafi, sau 35: Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai cur. Ana kwantar da kai, a rufe maka fuska da wata raga ta roba da aka ƙera daidai kanka don kada ka motsa. Tare da shi aka yi mini ƙarin ruwan kemo mai suna cisplatin sau uku, mako uku-uku. Allah ya saka wa ma'aikatan wurin da alheri, sun yi aikinsu, kuma ga ni da rai ina rubutu.

Abin da ban gane ba a lokacin, duk da sun faɗa, shi ne hasken nan da yake ƙone ciwon sai ya ratsa naman lafiya kafin ya kai gare shi. Kamar ka ƙone ciyawa a gona ne, dole zafi ya taɓa shukar da ke gefe. Wani abin yana farfaɗowa cikin watanni. Wani kuwa ya zama abokin zama.

Baki ba yawu

Hajiya, tashin daren da maigidanki yake yi, ina kyautata zaton ƙishi ne, amma ba irin ƙishin da kika sani ba. Maɓuɓɓugan yawu suna gaban kunnuwa da ƙarƙashin muƙamuƙi, daidai hanyar da hasken yake bi. Lafiyayyen mutum yana fitar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu a rana bai ma sani ba. Ni sai da na rasa shi na san ni'ima ce. Na kan farka harshena ya manne da ganɗa kamar an liƙa da gam, leɓe ya tsage, in nemi in kira uwargida murya ta ƙi fita.

Tun daga lokacin gorar ruwa ta zama 'yar rakiyata. Tana kan kanta a shago, tana aljihun babbar riga ranar Juma'a, tana gefen katifa. Ba kwankwaɗa ake yi ba, kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, a jiƙa baki. Yaran unguwa, waɗanda duk mai shago "Malien" suke ce masa ko daga ina ya fito, ni sun raɗa mini "Papa mai gora" da Faransancinsu. Da farko abin yana ba ni haushi. Yanzu amsawa nake yi.

Abubuwan da suka taimake ni: cingam marar sukari, don tauna tana zaburar da ɗan abin da ya rage na maɓuɓɓugan. Kurkurar baki da ruwan ɗumi da aka sa wa ɗan gishiri da ɗan bikabonat, irin na kantin magani, ba kanwa ba. Shafa ɗan man zaitun a cikin baki kafin in kwanta. Akwai kuma yawun kanti, na fesawa da na shafawa, in an samu kuma aljihu ya ɗauka. Akwai ƙwaya mai suna pilocarpine da likita kan rubuta wa wasu, amma tana sa zufa kuma ba kowa take karɓa ba, don haka ba abin saye a kan tebur ba ne. Abubuwan da na bari: goro, wanda na ci shekara talatin, shayi mai kauri irin na Buzaye, da ruwan wanke baki mai ɗauke da sinadarin barasa, don ƙara busar da baki yake yi.

Wani abin mamaki, damshin Gabon da muke ta ƙorafi a kansa, wanda yake sa sukari ya dunƙule a buhu, ni rahama ya zame mini. Ban san haka ba sai da na je Katsina cikin hunturu. Iskar nan ta Janairu ta kusa kashe ni. Kwana goma na yi ina barci da jiƙaƙƙen tawul rataye a kan gado da kwanon ruwa a ɗaki. Yanzu in zan je gida, da damina nake zuwa.

Yawun yakan ɗan dawo a shekarar farko zuwa ta biyu. Nawa ya dawo kamar kashi ɗaya cikin uku a ƙiyasina, ya tsaya nan. Na gode Allah, da babu gara ba daɗi.

Maganar abinci

Nan ne inda zuciyarki take, Hajiya, don haka ki saurara da kyau. Wata huɗu bayan gashi, komai na sa a baki ɗanɗanon kwali yake yi mini, nama kuwa kamar na lashi ƙarfe. Uwargida ta yi mini dambun shinkafa, abin da na fi so a duniya, ta yi yini guda tana yi. Na kai loma ɗaya, ta tsaya a wuya kamar yashi, na ƙware, na yi ta tari har hawaye. Na ture kwanon na tashi ban ce komai ba. Da daddare na ji ta a bayan gida tana kuka a hankali don kada in ji.

Laifina ne, don ban yi mata bayani ba. Mu maza mun iya shiru a inda bai kamata ba. Kunya nake ji in ce ni, mai gida guda, ba na iya haɗiye shinkafa. Washegari na ce mata: "Hajiya, wallahi ba girkinki ba ne. Maƙogwaron ne ya zama tsohuwar rijiya, guga ba ya wucewa." Ta ce: "To Alhaji, ai da ka faɗa tun farko, da ban ɓata shinkafata ba." Muka yi dariya, karo na farko cikin watanni.

Daga nan ta zama likitar abincina. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ta gano cewa duk abin da yake da yauƙi shi ne abokina: miyar kuɓewa, miyar kuka, karkashi, lalo. Tuwo ta koma yi mini da ruwa-ruwa, ƙananan loma, kowace a tsoma ta sosai. Fate, kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono a dama ta yi laushi, ƙwai, kifi dafaffe a cire ƙaya tas, wake a dafa har ya narke. A cikin abincin mutanen nan ma na samu rabona: atanga in an jiƙa ta a ruwan zafi takan yi laushi kamar man shanu, ga piya, ga agada dafaffiya da aka murƙushe cikin miya. Tana ƙara mai da madara da gyaɗa a komai don in mayar da jiki, saboda na zubar da kilo 14. Maimakon ci uku manya, sai ci shida ƙanana.

Abin da na yi bankwana da shi: kilishi, tsire mai ƙuli, soyayyen nama irin na layya, ɓawon burodin nan dogo na Faransa, da yaji. Barkono a bakin da ba yawu wuta ce. In na bi ta gaban masu gasa naman da ake kira kupe-kupe, ƙamshi kawai nake kwasa in wuce.

Amma ki lura da abu guda. Idan yana yawan ƙwarewa, musamman da ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkura bayan ya sha, ko yana yawan zazzaɓi da tari, to abinci na iya bin hanyar iska yana sauka huhu, kuma hakan kan kawo ciwon huhu mai tsanani. Wannan ba na haƙuri ba ne, na komawa asibiti ne. Akwai masu koyar da haɗiya da magana, kuma akwai hoton da ake ɗauka ana kallon yadda abinci yake wucewa. Ni an koya mini in zauna a miƙe, in bar surutu lokacin ci, in haɗiye sau biyu a kowace loma, kuma kada in kwanta sai bayan rabin awa. Ɗanɗano kuwa ya dawo mini a hankali cikin shekara guda. Zaƙi ne ya fi daɗewa.

Haƙori: inda na kusa halaka kaina

Wannan nake so kowane ɗan kasuwa ya karanta sau biyu. Yawu shi ne mai gadin haƙori. In babu shi, sai bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Haƙora kan fara ruɓewa daga gindi, kusa da dasashi, cikin sauri. Shi kuma ƙashin muƙamuƙi da haske ya ratsa, jini ba ya isarsa kamar da, don haka in an yi masa rauni ba ya warkewa da wuri, wani lokaci ma ƙashin mutuwa yake yi. Shi ya sa kafin a fara gashi ake tura mutum wajen likitan haƙori a cire duk wanda ya lalace. Ni uku aka cire mini.

Shekara biyu bayan magani, turmi ɗaya na ƙasa ya kama ni da ciwo, kwana uku ba barci. Wani abokin kasuwa ya ce akwai mai cire haƙori a bayan layinsu, jaka biyar, minti goma an gama. Har na sa takalmi. 'Yata ta biyu, wadda ita take karanta mini takardun asibiti saboda Faransancina na ciniki ne kawai, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Baba, don Allah kada ka je. Dokta ya ce ko bayan shekara goma kada wanda ya taɓa maka haƙori sai ya san an yi maka gashi." Na yi mata tsawa. Ba ta matsa ba. Ta ɗauko takardar ta nuna mini layin da yatsa.

Muka je wajen likitan haƙori na asibiti. Ya yi hoto, ya yi magana da likitan daji, a ƙarshe bai cire ba, ya kashe jijiyar haƙorin ya cike shi. Na kashe kuɗi sun ninka jaka biyar sau da yawa. Amma akwai wani bawan Allah da muke layin gashi tare, wanda ya je garinsu aka cire masa a gefen hanya. Ramin bai rufe ba, ƙashi ya fito fili, har aka kai ga yanke masa wani sashe na muƙamuƙi. Duk lokacin da na tuna shi sai in sa wa yarinyar nan albarka.

Yanzu ina goge baki bayan kowane ci da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Akwai mai ƙarfi na musamman da likita yake rubutawa. Asuwaki ina yi, amma sai na jiƙa shi ya yi laushi, a hankali, ba na kai shi dasashi. Alewa da lemon kwalba na sayar wa mutane, ni ba na sha. Duk wata shida ina gaban likitan haƙori ko ba abin da ke damuna. In kuma farin abu kamar dusar madara ya fito a harshe yana zafi, wannan naman gwari ne da ke son busasshen baki, yana da magani mai sauƙi.

Wuya, muƙamuƙi, da kasalar da ba a gane ba

Naman wuya yakan taurare a hankali, kamar fatar da aka shanya. Ni sai da na lura in zan yi sallama a salla sai na juya da kafaɗa duka. Muƙamuƙi ma yakan ƙi buɗuwa. Gwajin da aka koya mini: ka jera yatsu uku a tsaye, ka ga ko za su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Nawa biyu ne suke shiga da ƙyar. Magani shi ne motsa jiki kullum: buɗe baki iya iyawa a riƙe, kai muƙamuƙi dama da hagu, juya wuya, ɗaga haɓa sama. Na ɗaura abin da salloli biyar don kada in manta, bayan kowace salla minti biyar. Sannu ba ta hana zuwa. Yau yatsu uku suna shiga. Kumburin da ke taruwa a ƙarƙashin haɓa da safe kuwa, ruwan jiki ne da hanyarsa ta toshe. Matashi biyu nake sawa, kuma an nuna mini yadda zan shafa shi a hankali ya sauka.

Sai kasala. Shekara ɗaya da rabi bayan magani na koma kamar an zare mini laka. Barci a kan kanta, jin sanyi a garin da kowa ke zufa, mantuwa har ina ba da canji sau biyu. Na ɗauka tsufa ne, uwargida ta ɗauka damuwa ce. Ashe wata ƙwaya ce a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo, likitoci na ce mata tayirod. Haske yakan raunana ta, kuma abin yakan bayyana bayan watanni ko shekaru. Gwajin jini guda, mai suna TSH, shi ya tona asiri. Aka ɗora ni kan ƙwaya ɗaya ƙarama, levothyroxine, kullum da asuba kafin in ci komai. Cikin wata biyu na dawo mutum. Hajiya, in maigidanki bai yi wannan gwaji ba, ki tambayi likitansa. Ana so a riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kemo kuma ya bar mini tsarabarsa: ƙara a kunne kamar kukan gyare, dare da rana, da ɗan raunin ji. In kun zo shago kuka ga ina cewa "na'am?" sau biyu, ba wulaƙanci ba ne.

Murya, kasuwa da azumi

Jarin ɗan kasuwa bakinsa. Muryata ta dawo, amma a shaƙe, kuma in na yi magana ta minti goma sai ta ƙare kamar batir. A da ni nake kiran sallar asuba a ɗan masallacinmu in ladan bai zo ba. Ranar da na gwada bayan ciwo, na kai rabi murya ta yanke, wani yaro ya ƙarasa. Na koma gida na rufe ɗaki. Wannan ya fi rashin kilishi ciwo.

A shago dole na sauya tsari. Babban ɗana ya karɓi zuwa sari da duk wani ciniki mai hayaniya. Ni ina zaune da kalkuleta, in mai saye ya fara ja-in-ja sai in buga farashi in juya masa ya gani. Abin dariya, ciniki bai ragu ba. Ashe rabin surutun da nake yi a da ba shi yake sayar da kaya ba. Kuma yaron da nake ganin bai isa ba, ga shi ya riƙe shago. Da ciwon bai zo ba, da har yau ban sakar masa ba.

Azumi shi ne jarrabawa mafi girma. Nan kan layin da ya raba duniya biyu muke, yini kusan ɗaya ne duk shekara, awa 13 da 'yan mintoci daga alfijir zuwa faɗuwar rana. A 2022 na ce sai na yi, kada a ce Alhaji ya gaza. Rana ta uku, kafin la'asar, leɓe ya fashe, dasashi yana jini, jiri ya kwashe ni a bayan kanta. Limaminmu ya zo duba ni, ya ce: "Alhaji, wa kake so ka burge? Wanda ya wajabta azumin shi ne ya yi wa marar lafiya rangwame." Ya yi mini bayani cewa mai ciwon da ake sa ran sauƙinsa ya sha ya rama, wanda kuma nasa ya zama na dindindin ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Shekara biyu ina ciyarwa. Bana, da izinin likita, na gwada na samu wasu kwanaki, ina kurkure baki in zubar, ina zaune a inuwa. Ranar da na ji abin zai cutar da ni, na sha ba tare da jin kunya ba. Kowa da jikinsa. A tambayi likita, a tambayi malami, a bar tambayar 'yan zaman majalisa.

Guzurin matafiyi

Mu mutanen hanya ne, yau Libreville gobe Duwala, jibi Kano. Don haka ga abin da nake roƙon duk wanda aka yi wa wannan magani. Ka karɓi takardar taƙaitaccen bayani daga asibitinka: sunan ciwon, wurin da aka gasa, yawan hasken da aka ba ka, ranakun farawa da gamawa, da sunan kemo. Ka ɗauki hotonta a waya, ka tura wa matarka da babban ɗanka. In da Faransanci take kuma Najeriya za ka, ka sa a juya maka ita zuwa Turanci, haka in akasin haka ne. Akwai wuraren gashi a Shika ta Zariya, da Sakkwato, da Abuja, da Legas, kuma Yamai ta samu nata a 2021, amma duk inda ka je tambayar farko ita ce me aka yi maka a baya. Ka riƙe maganinka na wata biyu ko uku a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a loda a mota ba.

Kuma kada sauƙi ya sa ka daina zuwa a duba ka. Shekarar farko kusan duk wata biyu ko uku ne, daga nan tazarar tana ƙaruwa har shekara biyar, sannan sau ɗaya a shekara. Sabon ƙullutu a wuya, gyambo a baki da ya wuce mako biyu, jini, ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya, haɗiya ta ƙara wuya, rama ba dalili: ko ɗaya ka gani, kada ka jira ranar da aka ba ka. Sigari da tabar gari da shisha kuwa, an rabu ke nan har abada. Ni har yau daren da zan je dubawa ba na barcin kirki, ina ta shafa wuya. Na daina jin kunyar faɗin haka.

To Hajiya ta Kwatano, ga amsarki. Ko ciwon ya tafi ko bai tafi ba, likitansa ne zai faɗa, kuma ramar da kika ambata ta isa dalilin ku koma ku gan shi cikin makon nan, ku nemi a duba haɗiyarsa da jininsa da haƙoransa. Amma ture kwano da shiru da tashin dare, duk na yi su, kuma a lokacin ban taɓa son uwargida kamar yadda nake son ta ba. Ki zauna kusa da shi ki ce: "Malam, wane abinci ne yake wucewa, wane ne yake tsayawa?" Ki fara da miyar kuɓewa. Ki ajiye masa gora a gefen gado. Dangi kuma ki ba su wannan shafi su karanta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kai kuma ɗan uwana, maigidanta, in ta karanta maka wannan: buɗe baki ka yi mata bayani, ko da yatsu biyu ne suke shiga. Ita ma jinya ta yi, ba a dai ba ta gado ba ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar bashi. Wanda ya san ina bin sa, yana da kwana bakwai ya kawo kafin in fara ba da misalai.

Naku, daga bakin shago, Okala.